Dangwalen Kifin Tuna

Hausa ba ta da suna na kanta ga kifin da Turawa ke kira tuna, kuma babu laifinta a nan, domin harshe ba ya raɗa wa abin da bai taɓa gani ba suna. Ƙasar Hausa ƙasar tudu ce, kifayenta na gulbi ne da tabki da fadama. Waɗannan kuwa ta san su ɗaya bayan ɗaya: tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da ƙawara da kurungu da gaiwa mai kwana cikin laka har ta ga wata damina, da giwan ruwa wanda masunta ke fafutukar kamawa a bikin Argungu. Shi kuwa tuna mazaunin teku ne, tekun ma can tsakiya inda ba a hango gaɓa. Da ya iso gare mu a cikin gwangwani ya iso, ba kai ba jela, sai muka karɓe shi da sunan da ya zo da shi. Ɗalibin harshe zai lura cewa sunan ya faɗo daidai kan wata kalma tamu mai nufin dawo da abu cikin zuciya bayan an manta, amma wannan dacewa ce kawai, babu dangantaka tsakaninsu.

Abin da ya kai mu ga wannan kifi ba marmari ba ne. Mu da muka haura shekara arba'in, muka kuma shafe rabinsu a zaune muna karatu da duba takardun ɗalibai, mun shiga shekarun da likita ke duban takardar gwajin jini ya ɗago kai ya dube mu. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, idan aka auna sukarin jinin mutum da safe kafin ya ci komai aka sami 126 ko fiye, aka sake aka sami haka, to ciwon sukari ya tabbata. Idan kuwa lambar ta tsaya tsakanin 100 da 125, mutum yana bakin ƙofa ne, bai shiga ba, bai kuma yi nisa ba. A bakin ƙofar nan aka same mu. Ba mu kaɗai ba ne kuwa, domin a ɗakin shan shayin malamai akwai wanda ya riga ya shiga, yana yawo da ƙwayoyi a aljihun rigarsa, akwai kuma wani dattijo da muka yi wa rakiya har ciwon ya taɓa masa ido, mutumin da duk rayuwarsa karatu ce. Wanda ya ga malamin adabi yana miƙa wa ɗalibi littafi ya ce, "Karanto mini," ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan ciwo.

Da muka zauna muka yi lissafin cimarmu, sai muka ga ashe manyan abinci uku na yini ba su ne kaɗai abin dubawa ba. Tuwo da shinkafa da doya da taliya kowa ya san sitaci ne, kuma ana iya rage malmala a ƙara miya. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin azahar da la'asar, lokacin da an fito daga aji, wani ajin na jira, ciki ya fara kira, ga mai shago a gindin bene. Me ke shagon? Burodin Agege mai laushi, da biskit, da cincin, da fanke, da lemun kwalba mai sanyi. Kusan rabin nauyin farin burodi sitaci ne, kwalba guda ta lemo kuwa tana ɗauke da sukari fiye da giram 30, wato abin da ya haura ƙaramin cokali bakwai. Jiki ba ya bambanta burodi da sukari sosai, domin da zarar sitaci ya isa hanji sai ya narke ya koma sukari ya shiga jini. Abin da muke kira abin taɓawa, muna faɗarsa da raini kamar ba abinci ba, shi ne yake yi mana ɓarnar da ba mu lissafa.

Maganar rage sitaci tsohuwa ce. A shekarar 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting, wanda sana'arsa shirya jana'iza, ya buga wata 'yar ƙasida yana ba da labarin yadda ya rabu da ƙibar da ta hana shi ko ɗaure takalminsa, bayan likitansa ya hana shi burodi da sukari da dankali da giya da madara da man shanu. Ƙasidar ta karɓu har sunansa ya zama kalmar da Ingilishi ke nufin ƙauracewa abinci don rage jiki. Wani abin sha'awa shi ne, wanda ya jagoranci gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, shi ma Banting ne, amma Frederick, tare da abokin aikinsa Charles Best. Kafin wannan ganowa, babban abin da likita ke iya yi wa mai ciwon sukari shi ne ya tsuke masa abinci har ya rame. Daga baya, a 1972, wani likitan Amurka, Robert Atkins, ya sake tayar da zancen da littafinsa, daga nan kuma abin ya zama kasuwa, kowa da irin tsarinsa da alƙawarinsa. Mu dai ba mu cikin masu ɗaukar shinkafa abokiyar gaba. Abin da masana suka fi kira ƙarancin sitaci shi ne mutum ya tsaya ƙasa da giram 130 a yini, masu tsanantawa kuma su sauko tsakanin 20 da 50. Wannan na biyun, a ganinmu, ba na mutumin da ke cin abinci a kwano ɗaya da iyalinsa ba ne. Abin da muka nema ƙarami ne: a sami wani abu da zai tsaya a gurbin burodin ƙarfe uku na rana.

A ɗakunan girkin Amurka wannan haɗi yake da gindi. Sun fara cusa tuna a gwangwani tun 1903, lokacin da kifin sadin ya yi ƙaranci a gaɓar Kalifoniya, wani mai masana'anta, Albert Halfhill, ya gwada turara tuna ya ga namansa ya yi fari kamar na kaza. Su ne kuma masu al'adar ajiye kwano a tsakiyar tebur, kowa ya ɗauko ɗan wani abu mai ƙarfi ya dangwala ya kai baki. Nasu haɗin da cuku mai laushi ake yi, irin wanda ake sayarwa da sunan Philadelphia, a haɗa da mayonis da albasa da ruwan lemo. Mun jima muna neman abin da za mu kira shi da Hausa. Miya ba ta dace ba, domin miya kan wuta take hawa, kuma tuwo take bi. Kwaɗo ya fi kusa, tun da kwaɗon zogale da na rama duk haɗi ne mai sanyi da ake cakuɗawa da hannu, sai dai shi kwaɗo da kansa ake cinsa, ba a dangwala wani abu a cikinsa. Wani abokin aikinmu ya ce ai dambun kifi ne aka jiƙa, muka ce ya rage wa abin daraja. A ƙarshe muka tsaya kan dangwale, daga yadda yaro ke dangwala ƙosai a yaji. Zaman Kudu ma ya nuna mana cewa al'adar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin maƙwabtanmu Ibo suna tarbar baƙo da yalo da goro tare da wani kwaɓin gyaɗa mai yaji da suke kira ose oji, a dangwala a ci ana gaisawa.

Cukun nan mai laushi sai a manyan kantuna, tsadarsa kuma ba ta albashin malami ba ce. Kindirmo muka sa a gurbinsa, kuma bayan gwaji mun fi son namu. Sai dai kindirmo yadda yake ya cika ruwa, dole a tace shi. Akan shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, a ɗora rariyar a kan kwano, a zuba kindirmon a sa a firji daga dare zuwa safe. Ruwan da ke ɗiga yana tafiya da wani kaso na sukarin madara, abin da ya rage a ƙyallen kuwa ya yi kauri har cokali ya tsaya a cikinsa. A nan wajibi ne mai saye ya buɗe ido. Yawancin yogot na roba da ake sayarwa a hanya an zuba masa sukari, wani kindirmon talla kuma an ƙara masa gari don ya yi auki, ka ga an gudu ba a tsira ba. Wanda ya fi aminci shi ne wanda aka kwantar a gida, ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu sukari.

Sauran aikin bai kai minti goma ba. Gwangwani ɗaya na tuna, irin mai nauyin giram 160 zuwa 185, a buɗe a danne murfin a tsiyaye ruwan ko man sarai, domin duk ruwan da aka bari zai fito daga baya ya kwanta a saman kwano. A juye a murmushe shi da cokali mai yatsu har ya zama kamar dambu. Wanda ke son ya yi sumul yana iya sa shi a injin markaɗe, amma mu mun fi son a ji kifin a baki. Sai babban cokali huɗu na tataccen kindirmo da cokali ɗaya na mayonis. Mayonis kusan duk mai ne da ƙwai, sitacinsa bai taka kara ya karya ba, amma idan ya yi yawa sai ya danne ɗanɗanon komai, ya kuma gundure mutum tun kafin ya ƙoshi. Sai rabin ƙaramar albasa, a yanka ta ƙanana ƙwarai yadda ba za ta tokare haƙori ba, da ruwan rabin lemun tsami, da ɗan attaruhu gwargwadon jarumtar mai ci, da masoro, da ƙwayar tafarnuwa ɗaya da aka daka. Gishiri a ƙarshe ake sa shi, bayan an ɗanɗana, domin kifin ya riga ya kwana cikin gishiri, mai ciwon sukari kuma sau da yawa hawan jini na biye da shi. Lemun tsamin nan shi ne ke kashe ƙarni, kuma masunta sun san haka tun da daɗewa. Mai karatun da ya bi labarin tsohon masuncin Kuba da Ernest Hemingway ya buga a 1952 zai tuna cewa ɗan ƙaramin tuna tsohon ya yanka ya ci ɗanye a cikin kwalekwale don ya sami ƙarfin ja da babban kifinsa, yana ci yana begen lemun tsami da gishiri.

Idan an cakuɗa, a rufe a bar shi a firji kamar rabin sa'a. Wannan hutu yana da amfani, domin a cikinsa ne zafin ɗanyar albasa ke kwanciya, yaji kuma ya ratsa. Uwargidanmu ce ta ƙara masa abin da ya mai da shi namu, ranar da ta barbaɗa masa yajin ƙuli irin na masu tsire. Tun daga ranar ba mu sake yinsa babu shi ba.

Duk kwanon nan, idan aka haɗa abin da ke cikin kindirmo da albasa da lemun tsami, sitacinsa da sukarinsa ba su kai giram 10 ba, domin shi kansa kifin ba shi da ko kaɗan. Abin da yake da shi furotin ne, wajen giram 25 a cikin kowane giram 100, kuma furotin da mai su ne ke daɗewa a ciki su hana yunwa saurin dawowa. Amma duk wannan lissafi yana rushewa idan aka ɗauko burodi ko biskit aka dangwala. Nan ne kayan lambu ke shigowa, kuma nan ne zamanmu na Legas ya yi mana rana, domin wanda ya shiga kasuwar Mile 12 da sassafe zai tarar da kokwamba da kabeji da tattasai da karas an sauke su daga motocin Arewa, masu sayarwar kuma da Hausa za su yi masa ciniki. Kokwamba ita ce gaba, a yanka ta a tsaye kamar yatsu. Ɗanyen tattasai, ja ko kore, idan aka tsaga shi yana da ɗan lanƙwasa da ke ɗebo haɗin kamar cokali. Ganyen kabeji na ciki, mai ƙarfin nan, shi ma yana yi. Karas yana da ɗan zaƙi, a taɓa shi da sauƙi. Amma wanda ya fi burge mu shi ne yalo, saboda ɗan ɗacinsa yana tsayawa daidai da maiƙon kindirmo, ga shi ba ya bukatar wuƙa, ana iya sa shi a jaka a tafi aji.

Akwai wata gardama da ba mu zata ba. Da mahaifiyarmu ta zo ganin jikoki ta tarar ana zuba kindirmo a kan kifi, sai ta riƙe baki ta ce, "Kai ɗan nan, kifi da nono? Kuturta kake nema wa yaran nan?" Muka ce, "Inna, ai an daɗe da gano abin da ke kawo ta." Ta ce ita dai haka ta taso ta ji, kuma ba ta ga wanda ya gwada ba balle ta san ƙarya ne. Wannan camfi ba na Hausawa kaɗai ba ne, ana samun irinsa a ƙasashen Larabawa da Indiya, inda wasu ke cewa haɗin yana kawo fararen tabo a fata. Hasali ma har a cikin likitocin Ingila an sami wani babba, Jonathan Hutchinson, wanda ya buga littafi sukutum a 1906 yana kafa hujja cewa cin kifin da bai keɓu da kyau ba shi ke jawo kuturta, alhali tun 1873 Gerhard Hansen na ƙasar Norwe ya riga ya ga ƙwayar cutar da idonsa a madubin likita. Saboda haka ba mu ga dalilin yi wa Inna dariya ba. Muna ma zaton akwai wata gaskiya da camfin ya rufe, domin kifi da nono su ne abinci biyu da suka fi saurin lalacewa a ƙasa mai zafi, wanda duk ya haɗa su a zamanin da babu firji ya kwana yana murƙususu, dole ya gargaɗi 'ya'yansa da kalma mafi ban tsoro da ya sani. Inna dai har ta koma ba ta taɓa kwanon ba, yalon kawai take ɗauka ta ci gaya.

Wannan gargaɗi nata yana nan da ƙarfinsa ta wata fuskar. Tuna na cikin kifayen da, idan suka zauna cikin zafi, wani sinadari mai suna histamin ke taruwa a namansu, wanda ke sa fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ƙa'idar masu kula da tsabtar abinci ita ce kada irin wannan haɗi ya wuce sa'a biyu a waje, idan kuwa zafin gari ya haura digiri 32, sa'a ɗaya. A firji yana kwana biyu ko uku, in wuta ta tsaya, wanda kuwa ya san halin wutarmu ya san wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Shi ya sa ba mu yin fiye da gwangwani ɗaya a lokaci guda, in za mu tafi da shi ofis kuma sai a kula mai riƙe sanyi da ƙanƙara a gefe. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakinsa kuwa ba a ma buɗe shi.

Sai batun zaiba. Tuna mafarauci ne, ba ya daina iyo dare da rana domin sai yana tafiya ruwa ke ratsa masa ya yi numfashi, yana cin ƙananan kifaye, duk zaibar da ke jikinsu kuma tana taruwa a nasa. Gwargwadon girmansa da tsawon ransa, gwargwadon abin da ya tara. Duniya ta san illar zaiba a jijiya da ƙwaƙwalwa tun abin da ya sami mutanen Minamata ta Japan a 1956, waɗanda suka ci kifin ruwan da wata masana'anta ta gurɓata. Sa'ar da aka yi ita ce, yawancin abin da ake sa wa a gwangwani ƙaramin nau'in nan ne da ake rubuta skipjack a jikin takardarsa, mai saurin girma da ƙarancin zaiba, ba irin ƙaton nan mai kilo 278 da aka sayar yen miliyan 333 da ɗoriya a kasuwar Tokiyo a watan Janairun 2019 ba. Duk da haka ba abincin kullum ba ne. Sau biyu a mako ya wadatar, mai juna biyu da ƙananan yara kuma su fi kowa taka tsantsan. Haka nan wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari, kada ya rage sitaci da ka, sai ya shawarci likitansa, domin sukarin da ya faɗi ƙasa ya fi wanda ya hau saurin kayar da mutum.

Ɗalibai za su ce duk wannan zancen masu albashi ne, kuma suna da hujja. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ya ƙetaro ruwa ya yi tashin gwauron zabo, tuna kuwa ƙetarowa yake yi. Abin takaici ma shi ne a nan mashigin tekun Gini ake kama shi da yawa, amma tashoshin Tema ta Gana da Abijan ta Kwaddibuwa su ne suka kafa masana'antun sa shi a gwangwani, wani kuma sai ya zagayo daga Tailan kafin ya iso kantinmu. To, haɗin bai rantse sai da tuna ba. Mun gwada shi da sadin na Titus, an tsiyaye man, ya yi, sai dai ƙarninsa ya fi ƙarfi, yana son ƙarin lemun tsami. Geisha ba ta yi ba, saboda ruwan tumatirin da take ciki yana tsinka kindirmo. Wanda ya ba mu mamaki shi ne banda, busasshiyar tarwaɗa irin wadda ake kawowa daga Baga. Akan jiƙa ta a ruwan zafi har ta yi laushi, a zauna a cire ƙaya a tsanake, domin ƙaya ɗaya ta isa ta ɓata zaman, sannan a daka naman a ƙaramin turmi kafin a haɗa. Launinsa ba ya yin fari kamar na tuna, yakan yi duhu, amma ƙamshin hayaƙin yana shiga kindirmon ta yadda ba ya ma bukatar mayonis. Dattijon nan da idonsa ya raunana, shi wannan na bandar ya fi so, kuma yakan ce a yanka masa kokwambar da kauri don ya riƙa jin ta a hannu.